Daga Dam Zuwa Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Su a Ruwan Gishiri da Tsaron Rai a Ƙaramin Jirgi

Da zarar an kai amfanin gona gida, matasan Daura, Mai'aduwa, Jibiya da Dutsin-Ma sai su kama hanyar kudu neman kuɗin rani. Yawancinsu gadi ne da dako da tura baro. Amma akwai 'ya'yan masunta a cikinsu, waɗanda da sun hango ruwan Legas sai hankalinsu ya koma kan birgi da ƙugiya. Saboda su na tara tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan sana'a, na amsa su a wuri ɗaya.

Malam, tun ina yaro nake su a dam ɗin Sabke. Me kuma za a koya mini a teku?

Ƙanena, abin da ka iya ba zai tafi a banza ba. Jifan birgi, ɗinkin koma, ɗaurin ƙugiya, zama a kwale-kwale ba tare da ka karkata shi ba, da haƙurin jiran kifi, duk za su yi maka amfani. Hannunka ya riga ya faɗa.

Sai dai ruwan Sabke da Zobe da Jibiya da Ajiwa a kwance yake. Yana cika da damina, yana ja da rani, a hankali cikin watanni. Ruwan teku kuwa cikin awa shida zai hau, cikin wasu shida ya sauka, kuma a hawan nan da saukar nan gudu yake kamar kogi. Inda ka kafa kalli da hantsi ruwa iya ƙirji, kafin la'asar zai iya zama taɓo. Sannan akwai igiyar ruwa mai tasowa daga can tsakiyar teku, wadda kan iso gaɓa ko da babu iska ko kaɗan. Masuncin dam ya saba in iska ta kwanta ruwa ya kwanta, a teku ba haka abin yake ba. Saboda haka ka tafi a matsayin ɗan koyo, ko da a gida kai ne ɗan Sarkin Ruwa.

A ina ake irin wannan sun?

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagry a iyakar Jamhuriyar Benin har zuwa Kuros Riba. Kamun kifi da ƙananan jirage kashi uku ne. Akwai na tafkuna masu haɗe da teku, irin na Legas da Lekki da Epe. Akwai na ƙananan mashigan ruwa da ke ratsa dazukan gaɓa a Ondo, Delta, Bayelsa da Ribas. Sai na cikin tekun kansa, kusa da gaɓa. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana manyan jiragen jan koma shiga mil 5 na farko daga gaɓa, a ma'aunin mil na teku, wato kilomita 9 da ɗoriya, an bar wa ƙananan masunta.

Sabon zuwa ya fara da tafki. Tekun ba inda za ta je.

Yaya zan gane lokacin cikowa da janyewar ruwa?

Nan ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne Bahaushe yake da wata dama da bai san yana da ita ba, domin mu mutane ne masu lissafin wata. Jan da wata da rana suke yi wa ruwan duniya shi ke kawo cikowa da janyewa. A gaɓarmu ruwa yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin cika ɗaya da mai bi mata awa 12 ne da minti 25. Shi ya sa kullum lokacin yake ƙara ja baya da kimanin minti 50. In yau ruwa ya cika da ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura minti goma.

Ƙarfinsa ma wata yake bi. Daga tsayuwar wata zuwa kwana biyu ko uku, da kuma daga 14 zuwa 17 ga wata, ruwa yakan hau sosai, ya janye sosai, gudunsa ya yi ƙarfi. Wajen 7 zuwa 9 ga wata, da 22 zuwa 24, sai ya yi laushi. Wanda ya san yau nawa ga watan Musulunci ya riga ya san rabin labarin kafin ya isa bakin ruwa. Mai koyo ya zaɓi kwanakin laushi don fitarsa ta farko.

A Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kimanin mita 1 ba, amma yayin da kake yin gabas ƙaruwa yake, har ya kusa mita 3 a wajen Kalaba. A can in ka shiga ƙaramin mashigi ka shagala, ruwa zai janye ya bar ka da jirginka a kan taɓo, ka zauna sauro na cin ka har ya dawo. Kada ka ce za ka sauka ka taka, wannan taɓon yana haɗiye mutum har cinya.

Ta fuskar kamu kuwa, kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke tafiya, saboda gudun ruwan ne ke kwaso masa jatan lande da ƙananan kifaye. Da ruwa ya tsaya cak a ƙarshen cika ko ƙarshen janyewa, sai ka ji ƙugiya ta yi shiru. Akwai jadawalin lokutan nan da ake samu a waya, ka riƙa dubawa, amma ka haɗa da tambayar mutanen wurin, domin cikin tafki ruwa yakan makara bayan ya cika a bakin teku.

Wa zai koya mini, alhali ba yarenmu ɗaya ba?

Masu ruwan su ne Ilaje da Egun da Ijaw, da masuntan Gana da suka daɗe a gaɓar. A cikin jirgi aka haife su. Ka bi ta hannun Sarkin Hausawan unguwar da ka sauka, ko wani dattijo da ya daɗe yana sayen kifi a wurinsu, ya gabatar da kai. Za ka fara da kwarfar ruwa daga jirgi da jan igiya da wanke koma, a ba ka ɗan kasonka. Kada ka raina wannan, a nan ne idonka zai buɗe.

Kowane yanki na ruwa da masu shi. In ka ga rassan itace an kakkafa su a tsakiyar tafki, gonar kifin wani ce. In ka ga jarka ko gora tana yawo, akwai komar wani a ƙarƙashinta. Taɓa su yana jawo rigimar da ba za ka iya da ita ba.

Wanda ke da takardar sakandare kuma yana son ilimin a aji, akwai Kwalejin Tarayya ta Kamun Kifi da Fasahar Teku a Victoria Island, Legas.

Wane irin kifi ake samu? Akwai tarwaɗa da ƙarfasa?

A tafkin Legas akwai dangin ƙarfasa mai jure gishiri, da wani farin kifi mai ƙaya da gashin baki wanda Yarbawa ke kira obokun, mai tsada a kasuwar Epe. Da rani, in ruwan koguna ya ragu, gishiri kan shigo tafkin sosai, kifayen teku su biyo shi. Da damina kuma ya koma kusan ruwan daɗi. A bakin teku akwai kuroka, barakuda, jan kifin da ke zama wajen duwatsu, bonga da shawa masu tafiya garke-garke, ga kaguwa da jatan lande. Titus ɗin da kake gani cikin kwali a kasuwar Katsina ba a nan ake kama shi ba, daga ƙasashen waje ake shigo da shi a daskare.

Kayan aikina na gida za su yi?

Birgi zai yi. Ƙugiyoyi kuwa gishiri zai cinye su cikin 'yan kwanaki in ba ka wanke su da ruwan daɗi ka shanya bayan kowace fita ba. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Za ka buƙaci dalma mai nauyi fiye da ta dam don gudun ruwa kada ya ɗaga maka zare. Abin sa wa ƙugiya mafi kyau shi ne jatan lande ɗanye ko yankan shawa. In barakuda kake nema, ka sa ɗan siririn waya tsakanin ƙugiya da zare, haƙoransa suna datse zaren roba nan take.

Zuba wa ruwa guba irin Gamalin ko jefa nakiya laifi ne a doka, zalunci ne kuma ga mai ci da masuncin gobe.

Na iya iyo sosai. Dole ne sai na sa rigar ceto?

Dole ne. A kan wannan ba na sassauta wa kowa.

Iyo yana amfani ne ga wanda ya faɗa ruwa da hankalinsa, da ƙarfinsa, gaɓa kuma tana kusa. Jirgi in zai kife ba ya sallama. Gefensa zai iya bugun ka a ka, koma ta naɗe maka ƙafa, ko wanda bai iya ruwa ba ya ƙanƙame ka. Ko ba ɗaya cikin waɗannan, gudun ruwan janyewa ya fi ƙarfin damtsen kowane gwani. Rigar ita ce za ta riƙe kanka a sama lokacin da hannu ya gaji.

Mu mutanen nan ba sai an ba mu labarin nesa ba. A watan Mayun 2022, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aka rasa rayuka fiye da goma, yawancinsu yara. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Nuwamban 2021, irin haka ta faru a Bagwai ta jihar Kano, inda ɗaliban Islamiyya da dama suka rasu. A ruwan dam ke nan, wanda ba ya cikowa ba ya janyewa. Allah ya jiƙansu da rahama. To ina ga teku?

In za ka saya, ka duba nauyin da aka rubuta a jikinta ya dace da naka. Ka ja kowane maɗauri da ƙarfi ka ga ɗinkin bai saki ba. Ka sa ta, ka ɗaure, ka ce wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga. In ta haye har kunnuwanka, ta yi maka yawa, a ruwa zamewa za ta yi ta bar ka. Mai igiyar da ke ratsa tsakanin cinyoyi ta fi. Ka ɗaura mata usur. Kada ka mayar da ita matashin zama, soson cikinta yana mutuwa. Kuma a jiki ake sa ta tun daga gaɓa. Wadda aka cusa ƙarƙashin benci ba ta taɓa ceton kowa ba. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa, NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas, duk sun wajabta sa ta.

Amma ai in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa.

Gaskiya ne, ajali ba ya jinkiri. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya kuma hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ka karanta "Bismillahi majreha wa mursaha" yayin shiga jirgi, rigarka tana ɗaure a jikinka. Wanda kuma ya ce ya ba ka maganin ruwa don haka ba ka buƙatar riga, ba shi zai riƙe maka 'ya'ya ba.

Me zan duba kafin a tura jirgi?

Fara da gaya wa wani a tudu inda za ku, ku nawa ne, da lokacin dawowa, don in kun makara a san inda za a nufa. Sannan ka duba cikin jirgin: filafili biyu ko da akwai inji, abin kwarfar ruwa ɗaure da igiya, anka da doguwar igiya, wuƙa mai kaifi, tocila, ruwan sha fiye da yadda kake zaton za ka sha, da waya cike da caji a ƙulle cikin leda biyu. Lambar gaggawa 112 ce, a Legas kuma akwai 767.

Man fetur a raba shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Yawancin ƙananan injuna irin Yamaha mai doki 15 ko 40 da masunta ke amfani da su ana haɗa musu fetur da baƙin mai. Da yawansu ma'aunin 50 da 1 ne, wato rabin lita a jarka mai lita 25, amma ka bi abin da aka rubuta wa injinka. Riƙe fulogi na ajiya da sifanarsa. In inji ya tashi, ka tabbata siririn ruwan nan mai sanyaya shi yana tsartuwa ta baya. Akwai wata jar igiya mai kashe inji, ka ɗaura ta a hannu ko ƙafa, don in ka faɗa ruwa jirgin ya tsaya maimakon ya zagayo da farfela a kanka.

Lodi kuma, in gefen jirgi ya kusa shafar ruwa tun a gaɓa, a rage. Ka tuna da nauyin kifi da jiƙaƙƙiyar koma za ku dawo.

Wane lokaci ne teku ta fi haɗari?

Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa ta fi girma, mai koyo ba shi da abin yi a wajen tafki a watannin nan. Daga Nuwamba zuwa Maris ta fi kwanciya, wanda ya yi daidai da lokacin ci-rani. Sai dai hazon hunturu a Disamba da Janairu yakan rufe gaɓa har ka rasa gabas da yamma.

Abin da ya fi kama mutane ba shiri shi ne guguwar farkon damina da ƙarshenta. Ka san ta, irin hadarin nan ne da ke haɗowa baƙi ƙirin daga gabas, iska mai sanyi ta riga ruwan isowa. Da ka ga ya fara haɗuwa, naɗe kayanka ka nufi gaɓa, ko da kifi na ci. Hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, yana taimakawa, a duba kafin fita. Ƙarshen damina kuma kainuwa kan mamaye tafkin Legas, tana naɗe farfela tana toshe hanya.

Ina ne ya fi kifar da jirage?

Wuri biyu: inda igiyar ruwa ke fashewa a bakin yashi, da bakin kogi inda ya haɗu da teku, musamman in ruwa na janyewa yana karo da igiyar da ke shigowa. A nan ruwa kan miƙe tsaye. Ƙa'idar ita ce kada ka taɓa ba igiyar ruwa gefen jirginka, hanci ake ba ta. Tsallake wuraren nan aikin gwani ne, kai dai ka zauna ƙasa ka yi abin da aka ce.

Sai hanyar manyan jirage masu shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Ba sa iya tsayawa da wuri, matuƙinsu ma ba lalle ya hango ka ba. Kada ka kafa koma a hanyarsu. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi, kowa ya karkata damansa. Tafiyar dare kuwa hukumomin ruwa sun hana jiragen fasinja, kai ma mai koyo ka dawo da sauran rana.

In inji ya mutu, ko jirgi ya kife fa?

In inji ya mutu, jefa anka tukuna kafin ka fara gyara, in ba haka ba ruwa na tafiya da kai kana duƙe. A hancin jirgi ake ɗaure ta, ba a baya ba, a saki igiya kamar ninki biyar na zurfin wurin.

In ya kife, kada ka rabu da shi. Jirgin katako yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma masu nema sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Ku ƙirga junanku, ku riƙe gefe, ku yi ta busa usur. Gaɓa takan yi kamar kusa alhali da nisa. Babbar riga da takalmi mai nauyi ba kayan shiga jirgi ba ne tun farko.

In wani ne ya faɗa, kada ka bi shi da tsalle. Jefa masa igiya ko jarka marar komai mai murfi a rufe, a kashe inji in an matso kusa da shi. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2. A bar al'adar nan ta danna ciki wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ce. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Ƙishirwa kuma kome tsananinta kada a sha ruwan teku, ƙara ta yake.

Ina jin ana jiri da amai. Rashin jarumta ne?

A'a, har tsofaffin masunta yana kamawa. Ci abu kaɗan marar maiƙo kafin fita, ka zauna tsakiyar jirgi nesa da hayaƙin inji, ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Tauna citta na taimaka wa wasu. In aman ya zo, riƙe benci da kyau, kada ka miƙe tsaye ka leƙa.

Alwala da ruwan gishiri ta yi? Duk abin da aka kama halal ne?

Ta yi. Hadisi ingantacce daga Abu Huraira ya nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an halatta dabbobin ruwa, har da kaguwa da jatan lande. Sallah a ƙaramin jirgi, in tsayuwa za ta jawo kifewa kuma lokaci zai fita kafin a kai gaɓa, a yi ta a zaune. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamai.

Halal dai ba ya nufin babu cutarwa. Talibambam na teku yana da guba mai kisa wadda dahuwa ba ta kashe ta, a mayar da shi ruwa. Kunamar ruwa tana kwanciya cikin yashi da ƙaya a wutsiya, don haka in kana tafiya a ruwa marar zurfi ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa. Wanda ta harba, ko ƙayar kifi ta soke shi, ya tsoma wurin a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure na rabin awa ko fiye, sannan ya je asibiti.

Akwai abin da zan fara tun ina nan gida kafin tafiya?

Akwai. Sayi rigarka, ka je dam tare da wani babba, ka gwada ta a inda ruwa bai wuce ƙirji ba har ka saba da yadda take ɗaga ka. Koyi kwanciya rigingine a kan ruwa ba motsi, da hawowa cikin kwale-kwale daga ruwa, wanda ya fi yadda ake zato wuya. Zauna wajen mai gyaran janareta ko babur ka iya wanke fulogi da kafireto. Fara bin kwanan wata kullum. In kuma kana ganin jini a fitsari, kamar yadda yake damun da yawa daga masu shiga ruwan dam, je asibiti a duba ka ko tsargiya ce, ka sha magani kafin ka hau mota.